Naɗin Kaza Kafin Gail Ta Iso

"Sannu da aiki, tsoho. Ashe gidan bai ƙone ba tukuna?"

"Yauwa, uwar kwaɗayi. Ƙamshi ne ya jawo ki tun daga jami'a?"

"Wane ƙamshi? Ni warin safarka kawai nake ji."

Corinne ce ta shigo kicin ɗin kakanta Orville a garin Duluth na bakin tafki, tana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi. Watan jiya ya manta tukunya a kan wuta har sai da 'yan kwana-kwana suka zo. Yau 'yarsa Gail, mahaifiyar Corinne, tana hanya, za ta yi masa maganar komawa gidan kula da tsofaffi. Shi kuwa ya rantse sai ta tarar da naɗin kaza da cuku irin na marigayiya matarsa, wanda ya gasa da hannunsa.

Corinne ta ɗaga wani kwali. "Kwaɓin fulawar ma na kanti ne."

"Kakarki ma na kanti take saya. Kwalin take ɓoyewa a ƙasan shara."

"Ka ga ba ta nan, shi ya sa kake mata ƙazafi. Kazar fa? Ta girme ka ko?"

"Sa'ar uwarki ce, taurinsu ɗaya. Na dafa, na yayyaga, na cakuɗa da cuku, na naɗe, na shafa ƙwai. Ke da ko ruwan shayi sai kin tambayi waya."

"Ai zan ci, ko don in ba da shaida a asibiti."

Bai yi dariya ba. Ya leƙa taga, ya dawo ya dubi agogo.

"Sun kusa yin ja. Uwarki ce ta turo ki leƙen asiri?"

"Cewa ta yi in duba ko ka tuna ka sa wando."

Ta durƙusa ta leƙa gilashin ƙofar tandar gashi. Ga naɗin nan jere, fari fat. Ta dafa ƙofar, ta ji sanyi ƙalau. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Kaka, ba ka kunna ba."

Orville ya zo ya taɓa da kansa. Ya janye hannun, ya tura shi aljihu.

"Gwada ki nake yi."

"Na sani."

"Za ki gaya mata?"

"In ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba. Kunna abinka, ni ba 'yar aikinka ba ce."

Ya murɗa, tanda ta kama. Ya tsaya yana kallon tandar, ya ba Corinne baya.

"Shi ke nan, kun gama da ni."

"Wa zai karɓe ka? Kwana biyu za su dawo mana da kai. Zan ce mata ka manta. Zan kuma ce na gaji da ɗakin jami'a, ɗakin saman gidan nan zan dawo. Kai ka dafa, ni in duba wuta."

"Ke? Da munsharin nan naki mai firgita jiragen ruwa?"

"Ko munsharina, ko miyar gidan tsofaffi da ba gishiri kullum. Zaɓi."

Sai ga ƙarar tayoyi a kan ƙanƙara a ƙofar gida. Orville ya share ido da bayan hannu, dariya ta kuɓuce masa. Ya zaro makullin ɗakin sama daga ƙusa ya cilla mata.

"Kin ci, ja'ira. Amma wanke-wanke naki ne. Maza je ki tare uwarki da surutun nan naki, kafin su yi ja."