Yadda Na Ramar da Bijimin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba, ko da na so in manta, don har yau in na ratsa ta kasuwar shanu sai an sami mai tuna mini.

Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Potiskum. Ɗaurin aure, suna, saukar karatu, duk inda aka kafa rumfa za ka gan ni da kyamara a kafaɗa ina taka ƙafafun jama'a. Amma a raina ni darakta ne da garin bai gano ba tukuna. Shi ya sa da na ji labarin wani gilashin kyamara wai shi anamofik, na hana kaina sakat sai da aka kawo mini na hannu daga Kano. Shi ne ke ba hoto faɗin nan na manyan finafinai, fili ya buɗe hagu da dama, haske kuma ya ja shuɗin layi ya ratsa allon. Na zauna ina kallon wani Bature a intanet yana koyar da yadda ake aiki da shi, yana tsakiyar bayani data ta ƙare. Na ce ai na gane, sauran surutu ne. (Ashe rabin ilimin a cikin surutun yake.)

Surukina, Baba Maina, mai kiwon turka ne a Mamudo. Yakan ɗaure bijimi wata takwas yana ɗura masa dusa da harawa da kanwa, har ya kai sai an lallashe shi yake tashi. Yana da wani abokin ciniki, Oga Sunday, wanda ya daɗe a Potiskum kafin ya koma Fatakwal. Shekara da shekaru mutumin nan bai taɓa cewa sai ya ga sa kafin ya saya ba. Baba ya ce masa "mai kyau ne" a waya, shi ke nan, a ɗora a tirela. Da wannan yardar Baba yake tinƙaho, fiye da shanun kansu.

To a shekarar ya turke wani farin bijimi da shi kansa ya ba shi mamaki. Ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Kai mai hoto, ɗauko mini shi ka tura wa Sunday. Ba don ya duba ba, don dai ya sha kallo."

Wayar hannu ta ishi wannan aikin, minti biyu an gama. Amma ina! Shekara huɗu ina auren 'yarsa yana ce mini "mai hoto", kamar mai ɗaukar fasfo a bakin tasha, yau ga dama ta samu. Na dawo da la'asar da kyamara da ƙafafunta da sabon gilashi. Na kwanta rub da ciki a kan kashin shanu don tozon ya fito da kwarjini. Na jira sai da rana ta sauko daidai tsakanin ƙahonin, shuɗin layin nan ya ratso, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Baba na tsaye riƙe da igiya yana kallona. Na ɗauka girmamawa ce.

Abin da ban tsaya na ji daga bakin Baturen ba shi ne, gilashin nan matse hoto yake yi daga gefe da gefe don ya cusa fili mai faɗi cikin kyamara. Sai ka zo kan kwamfuta ka buɗe shi, sannan komai ya koma yadda Allah ya halicce shi. Ni ban buɗe ba. Na dai ga abubuwa sun ɗan tsuke sun yi tsawo, na ce ai haka manyan finafinai suke, idona ne bai saba ba. Na sa baƙin layi sama da ƙasa, na ɗora kiɗa mai nauyi, na tura wa Oga Sunday ba tare da na nuna wa kowa ba.

Washegari Laraba, ranar kasuwa. Na tarar da Baba a rumfarsu da dillalai sun kai goma. Na yi sallama, na buɗe kwamfuta a kan benci. (Babu fa wanda ya ce in kawo. Ni na kai kaina.)

"Baba, ga aikin."

Kiɗa ya tashi, bijimi ya bayyana. Jama'a! Ƙafafu zaƙo-zaƙo kamar na raƙumi, ciki a shafe, tozo ya yi tsini. A gefensa ga wani dogon mutum siriri riƙe da igiya, sanye da hular Baba. Baba kuwa, tubarkalla, mutum ne da sai ya karkata yake shiga keke mai ƙafa uku.

Wani dillali, Malam Buba, ya matso da fuskarsa dab da allon, ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, yaushe ka kwanta ba mu ji ba? Kai da san kuka yi jinyar tare?"

Wurin ya fashe da dariya, har masu wucewa suna leƙowa. Ana cikin haka wayar Baba ta yi ƙara, shi kuma ba ya amsa waya sai ya buɗe muryar kowa ya ji.

"Alhaji," in ji Oga Sunday, ko gaisuwa babu, "wannan ne mai kyau ɗin? Ni za ka turo wa wannan?"

Baba ya juyo ya dube ni. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai kan allon, sai idona ya faɗa kan ranar nan da ke tsakanin ƙahoni. Rana da kowa ya sani zagayayya, ga ta nan ta zama ƙwai a tsaye. A nan kaina ya kawo wuta. Na lalubo inda ake jan faɗin hoto, na ja. A kan idon kowa bijimin ya kumbura, cikinsa ya dawo, Baba ma ya dawo da tumbinsa.

"Kun gani?" na ce. "Yanzu ne daidai! Ɗan gyara ne kawai!" Nan take na tura wa Oga Sunday sabon, ina jin na ceci al'umma.

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Malam Buba ya gyara zama, ya ce a hankali, "Af! Ashe da yatsa ɗaya ake ƙibar da sa. Mu muna nan muna wahalar dusa."

Ba a jima ba wayar ta sake ƙara.

"Alhaji, yanzu sa biyu nake gani. Ɗaya ramamme, ɗaya ƙato, ƙaho iri ɗaya. Wanne ne naka?"

"Na biyun," in ji Baba.

"Wa ya yi na biyun?"

"Mijin 'yata."

"Na farkon fa?"

Baba ya sake juyowa ya dube ni.

Oga Sunday ya sayi bijimin daga baya, amma sai da ya turo wani ɗan'uwansa mai shagon kayan gini a cikin gari ya je Mamudo ya gani da idonsa. Ni na kai shi a babur, don ba ni da bakin ƙi. Mutumin ya zagaya san, ya mammatsa haƙarƙari, ya ɗaga wutsiya, alhali ko akuya bai taɓa kiwo ba. Baba na tsaye gefe a cikin garkensa, hannu a baya, ana duba maganarsa kamar ta baƙo. Kunyar ranar ta fi ta rumfa ciwo. A rumfa ni aka yi wa dariya, a nan kuwa shi na jawo wa.

Da na dawo daga mai da mutumin, na durƙusa na fara bayanin matsewa da buɗewa. Baba ya ɗaga hannu.

"Ba ka yi ƙarya ba, na sani," ya ce. "Amma ka nuna wa Sunday ana iya yi."

Yanzu na iya gilashin, amare ma suna yabawa. Abin da na koya dai shi ne, in dattijo ya ce ka ɗauki sa, to ka ɗauki sa, ka bar fim a gida. Bana ma an turke wani bijimin. Baba da kansa ya ɗauka da wayarsa, hoton a karkace, yatsansa ya rufe rabin ƙaho, kuma ba a neme ni ba. Mai shagon kayan ginin dai ya sake zuwa.