Kwalabe Arba'in na Bai Lyuben

A duk ƙauyukan da ke gangaren tsaunin nan, ba a taɓa yin mai haƙuri kamar Bai Lyuben ba, wato Malam Lyuben a yaren mutanen wurin. Shi da kansa ya shaida hakan, kuma mutumin da ya shekara talatin yana huda tikiti a jirgin ƙasan birnin Plovdiv ba ya magana da ka.

Ya dawo gida da fansho, da hular aiki, da ilimin giyar inabi da ya tsinta a bakin wani fasinjan taragon manya. Tun ranar ya daina shan giyar bana.

"Ku mutanen ƙauye gaggawa ta kashe ku," in ji shi a dandali, yana ɗaga yatsa. "Ku matse inabi da kaka, kafin bazara kun ga gindin ganga. Jar giya sai ta kwanta ta nuna. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Daga nan aka sa masa suna Madafa Dutse. Ya ɗauka sarauta ce.

A shekarar da inabi ya yi albarka ya cika kwalabe arba'in, ya toshe, ya manna wa kowacce takarda mai sunansa. Gidan yana da ɗakin ƙasa mai sanyi da duhu, inda kakansa ke kwantar da kwalabe a gicciye don toshiyar ta zauna a jiƙe. To, amma wa zai ga dukiya a rami? Bai Lyuben ya jera su a tsaye cikin kabad mai gilashi a falo, taku biyu daga murhu, daidai inda ranar la'asar ke shigowa. Baƙo bai isa ya zauna ba sai an zagaya da shi.

Matarsa Velichka ta yi magana sau ɗaya: "Lyubcho, giya ce ko hoton aure?" Ya ce mata harkar masana ce. Ta koma kicin.

Shekara goma sha huɗu yana jiran abu guda: ranar Waliyyi Trifon, ranar da maza ke fita gona su datse reshen farko, su zuba giya a gindin kuringar inabi, su ɗora wa wanda tasa ta fi daɗi kambin rassa, a kira shi sarkin inabin shekara. Bana ya sanar cewa lokaci ya yi. Har kansa ya auna da igiya, ya aika wa masu saƙa kambin.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka taru a gona cikin sanyi, ga gasasshen nama, ga masu algaita. Bai Lyuben ya yi jawabin minti ashirin da biyu, sannan ya ɗauko kwalba ɗaya ya kama toshiyarta. Ta marmashe a hannunsa kamar busasshen burodi. Abin da ya zubo ba ja ba ne, launin ruwan tsatsa ne. Na kusa suka ja da baya.

Ya kurɓa. Idonsa ya kawo ruwa, gashin bakinsa ya yi rawa, maƙogwaro ya yi gardama, amma ya haɗiye, don mutunci ya fi ciki.

"Ba ta gama nuna ba," ya ce da wata siririyar murya. "Sai an ƙara mata shekara biyar."

Ya sunkuya zai zuba sauran a gindin kuringa bisa al'ada. Tsoho Stamen, mai gonar, ya riƙe masa hannu.

"Don Allah, Bai Lyuben, bari. Me baiwar Allah ta yi maka? Ita ce abincin jikokina."

Kambin ya hau kan Stamen, da giyarsa ta wata huɗu. Ya ɗan yi masa yawa, don ba da kansa aka auna ba.

Amma kada a ce haƙuri bai biya ba. Da kaka ta zagayo, lokacin jiƙa barkono da kabeji a tulu, sai ga layi a ƙofar Bai Lyuben har bakin titi. Matan ƙauye ne, kowacce da kwanonta, don labari ya bazu cewa giyarsa ta rikiɗe ta zama khal, ruwan tsamin da ake jiƙa su a ciki, kuma irin nasa babu shi ko a birni. Ya fito da hular aiki zai yi jawabi.

"Ba kai muke nema ba, Madafa Dutse," in ji ta gaba. "Kira mana Velichka."