Soron Jatau a Hannun Masana

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dutsen Kurya ya ga Soron Jatau, ko da bai san sunansa ba. Tsohon gini ne na ƙasa a kan dutse, wanda wani mayaƙi mai suna Jatau ya gina tun zamanin da mahara ke kwashe mutane a gona. Kaurin bangonsa ya isa jaki ya bi ta kai da kaya. Sau biyu aka yi masa ƙawanya, sau biyun maharan suka gaji suka koma da yunwarsu. Mu 'yan garin kuwa ba mu ɗauke shi wani abin a-zo-a-gani ba. Abin da muka sani shi ne, da bazara kafin ruwan farko, Sarkin Magina zai sa a yi shela a fito gayya. Maza su kwaɓa ƙasa, mata su jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa mai hana ruwa cin bango, a yaɓe bango, a share indararo, a ci tuwo a watse.

Ana nan sai wata hukuma ta birni ta ji labarinsa, ta turo mana wani Dakta Munnir da tawagarsa, da malafa da abin awo da na'urar ɗaukar hoto. Mutumin nan ya zagaya soron har ya kusa hawaye. Ya ce mun yi shekara da shekaru muna zaune kan zinariya muna ɓata ta da hannu. Wata shida suna gyara. Suka shafe shi da fenti, suka kewaye shi da waya, suka kafa allo mai cewa kayan tarihi ne, an hana taɓawa. Aka yi bikin buɗewa, aka sha jawabai, sannan aka rufe da kwaɗo. Makullin ya bi aljihun Dakta zuwa birni.

Sarkin Magina na lokacin shi ne Baba Cindo, tsoho mai ƙarancin magana, wanda ya gaji rawanin daga ubansa, uban ma daga nasa uban. Da bazara ta zo ya hau mota ya je neman makulli, aka ce Dakta na wajen taro. Shekara ta biyu tsohon ya hango ciyawa ta toshe indararon gabas, abin ya hana shi sakat. Ya ɗauki fartanya ya haura waya, ya yaga wando, ya cire abin da ya iya cirewa. Ladan da ya samu shi ne takardar gargaɗi, wadda Dagaci ya karanta masa a gaban jama'a. Wallahi ranar na ji tausayin tsohon nan. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, tun daga nan ko hanyar bai ƙara bi ba.

A damina ta uku, bayan ruwan kwana biyu, bangon gabas ya zauna. Dakta da aka yi shekara uku ana nema ba a gani ba, sai ga shi washegari da hantsi a ƙofar Dagaci, yana huci. Ya ce dole wani ya ɗauki laifi, kuma a takardunsa mutum ɗaya ne aka taɓa kamawa a cikin waya. Ya nemi a cire rawanin Baba Cindo nan take, in ya so sauran bayani a yi shi wajen 'yan sanda.

Dagaci ya sa aka kira tsoho. Ya zo ya yi gaisuwa, ya zauna a ƙasa.

Dakta ya ce, "Baba, kai ne ka haura da fartanya bara?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me ka je yi?"

"Ruwa na je nuna wa hanya. In ba a nuna masa ba, da kansa yake nema."

"Wa ya ba ka izini? Ka san ko shekarun ginin nan nawa? Ka san abin da ake nufi da kayan tarihi?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Ni yaɓe kawai na iya."

Dakta ya juya wajen Dagaci yana nuna tsoho da biro. "Ka ji ko, Yallaɓai? Da bakinsa ya faɗa. Gini mai shekara ɗari biyu, an bar shi a hannun mutanen da ba su san darajarsa ba. Jahilci ne ya kayar da soron nan, ba ruwa ba."

Dagaci ya dubi tsoho ya ce, "Sarkin Magina, kana da ta cewa kafin in yanke?"

Baba Cindo ya gyara zaman rawaninsa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ba na musu da mai ilimi. Amma shekara ɗari biyu ya yi a hannun jahilai yana tsaye. A hannun masana damina uku ya samu."