Rasuwar Sojojin Rum Biyu a Kan Uwar Maƙera

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ba a sa masa ranar fita ba, Malam Hamidu, malamin tarihi a Wurno, yana sanar da rasuwar kwabonsa na tagulla, haifaffen daular Rumawa, wanda ya cika ranar kasuwar Goronyo.

Marigayin ƙarami ne, bai wuce farcen babban yatsa ba, amma dattijo ne. A gabansa kan sarkin Rum. A bayansa sojoji biyu tsaye da māsu, tuta a tsakaninsu, ba su taɓa barin bakin aiki ba. Bai da surutu. In ya faɗi kan siminti, "ƙil" ɗaya yake cewa ya yi shiru.

Zulkifilu, ƙanin Malam, shi ya kawo shi daga Libiya inda yake aikin gini. Ya nuna sojojin yana dariya, wai shi ne da yayansa. Ya koma, waya ta daina shiga, shekaru suka yi ta wucewa. Malam kuwa kullum sai ya buɗe gwangwanin man zafin da marigayin ke kwana, ya ga biyun suna tsaye, ya ce wa ransa ai yaron ma yana tsaye wani wuri.

Ajali ya zo ta hannun mahaifiyarsu, Inna Adawiyya. Sanyin ƙashi ya dame ta, an ce mata zoben tagulla na jan sa. Ta ɗauki marigayin ba sallama, ta kai wa maƙeri. Aka huda cikinsa, aka bi shi da guduma. Sarki ya tafi, tuta ta tafi, sojojin ko ƙafa ba a samu ba.

Da Malam ya ɗaga murya, sai ta ce, "Mi niɓ ɓata, Hamidu? Kai kana ganin ƙanenka kullum cikin kwabon ga. Ni ko taɓa shi ban yi ba tun da yat tahi."

Malam ya yi kuka ranar, na ƙaninsa.

Marigayin ya bar gwangwani wayam, da ɗaliban da za su koma jin labarin Rum da baki kawai.

Ba za a yi jana'iza ba, don gawar tana yatsan Inna, kuma ta rantse sai masu yi mata wanka za su cire. Ana karɓar gaisuwa a zauren Malam bayan la'asar. Masu zuwa kada su tambayi labarin Zulkifilu. A yi masa addu'ar da ake yi wa waɗanda suka riga mu.