Rasuwar Mai Rai Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai ga dalilin ɓoyewa ba, Autan gidan nan yana sanar da rasuwar tsohon akwatin gem na falo, na wasan talabijin, wanda aka fi sani da Mai Rai Uku. Ya cika ne a ƙasan teburin talabijin, a gaban idonku. Kun ga fitilarsa tana lumshewa, kuka kau da kai.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne. Jarumin wasansa ba a bambance hancinsa da hularsa. Sai an hura wa kaset iska, an ɗan mari gefen akwatin, kafin ya ce “tirin-tirin” ya farka. Amma adali ne. Rai uku yake ba kowa, babba da yaro. In ka faɗa rami sau uku, sai ya yi maka “tuuu”, ya mayar da kai farko, kai kuma ka miƙa hannun gem ga na kusa da kai. Dokar falo ke nan, ko Baba bai taɓa karya ta ba. Ta haka kaɗai Auta, wanda ba a taɓa fara rabon komai da shi ba, yake samun nasa: ya zauna a ƙasa yana fatan Yaya Babba ya faɗa rami. Yaya kuwa, Allah Ya saka masa, faɗawa yake yi.

Jinyar ta fara ne ranar da Yaya ya shigo da sabon akwati, ɗauke da wasan marigayin da kamfani ya sabunta. Aka zare wayar marigayin aka jona ta baƙo. Yanzu jarumin har gumi yake yi, kibiya tana nuna masa hanya. In ya faɗa rami, a ɗago shi a ajiye a bakin ramin, har a yaba masa. Ba mai mutuwa, don haka ba mai miƙa hannu. Tun daga ranar nan Yaya bai saki hannun ba. Auta, da digirinsa da gemunsa, yana nan a ƙasa yana jira. Da ya gaji ya koma wa marigayin, ya yi ta hura kaset har jiri ya ɗebe shi. Shiru. Mai gyara ya buɗe, ya girgiza kai, ya mayar da murfi.

Kada a ɗauka Auta maƙiyin ci gaba ne. A gyara hoto, a gyara sauti. Bangon nan da jarumi yake maƙalewa har sai an kashe wuta, kuskure ne, a rushe shi. Amma rai uku ba kuskure ba ne. Masu sabuntawar sun zaci kowa shi kaɗai yake wasa a ɗakinsa. Ba su taɓa zama a falo mai hannu ɗaya da yara shida ba. Ku kuma da kuka sani, kuka ga gumin jarumi kuka yi shiru.

Ya rasu ya bar kaset biyu, da hannu ɗaya mai nutsattsen maɓalli, da wayar da ɓera ya ɗanɗana, da Yaya Babba, wanda har yanzu bai lura an yi rashin ba.

Za a naɗe shi da tsohon tawul ranar Asabar da yamma, a sa shi a kwalinsa da zarar Anti ta kwashe zare da alluranta daga ciki, a kai shi saman kabad. Za a karɓi gaisuwa a falo. Kada kowa ya zo da “sai haƙuri” kawai. Ku rubuta wa kamfanin ya dawo da rai uku, ko da zaɓi ne. Kafin amsa ta iso kuma, duk wanda ya shigo, kada ya zauna sai ya ƙwace hannun nan daga wurin Yaya ya miƙa wa wanda ke zaune a ƙasa.