Iska Don Kadijatu

"…ina gajiya, ina gida, ina shanun da ba ka da su?"

"Lahiya lau. Ina tsuhwa, ina ƙarya, ina cutar bayin Allah?"

Haka Kalla da Sambo suka gaisa da hantsi, ranar kasuwar Madawa, farkon damina. Kalla yana da shago a bakin titi, inda yake sayar da panno mai kama hasken rana, da batiri, da gurup, injin wutan nan mai shan isansi, wato fetur. Sambo kuwa makiyayi ne daga wajen Azarori. Uwarsa ƙanwar uban Kalla ce, Bahausa da ta auri Bafillace. Taubasai ne ke nan, kuma shekara sittin ba wanda ya taɓa gaya wa ɗan'uwansa magana mai daɗi.

"Kakkaɓe ƙahwa kahin ka shigo," in ji Kalla. "Jiya anka share."

"Anka share mi? Wanga akurki? Maraƙina ya hi ka wurin kwana."

"To mi ya kawo bawana birni?"

"Ubangidanka dai. Wuta nika so."

Kalla ya tafa hannu. "Kada ka yi gaggawa, tana can tana jiranka lahira!"

Sambo ya yi murmushi, amma bai rama ba. Ya jingina sandarsa da bango, ya zauna bisa benci kamar wanda ƙafafu suka gaji da ɗaukarsa.

"Wadda za ni ɗora bisa keken jakkai nika nuhi. Na yi mashi rumhwa da tabarmi. Arewa muka yi, bayan Keita, inda shanu suke."

"Bahillace da lantarki cikin daji! Shanun na za su kallon tele, ko kai?"

"Su. Sun ce in nuna masu kai, su san abin da za su guje ma."

Kalla ya jawo wani jan gurup daga lungu, ya shafa shi kamar doki. Ya ce wannan ba ruwansa da hadari ko rana, in dai ya sha isansi zai kunna gari guda. Ya fizgi igiya, injin ya ɗauka da ruri har kwanukan shago suka hau rawa.

"Kashe shi!" Sambo ya toshe kunne. "Bakinka ma ya ishe ni, balle in sayi ƙanenka."

Kalla ya kashe.

"Can inda za mu, ina za ni samu isansi?" in ji Sambo. "In tatso ga saniya?"

"Ka riƙi bido biyu cike da shi."

"In sun ƙare? Yini guda na zuwa gari. In ya lalace hwa, wa ka gyara shi, zomo? Ga hayaƙi. Ba ta iya shaƙar hayaƙi."

"Wa?"

Sambo ya dubi titi. "Saniya."

"Yau na ga saniya 'yar sarki. To zo ga panno. Shi ba ya kuka, ba ya tari, ba ya cin komi sai rana. Kamar kai, sai dai shi yana da amhwani." Ya ɗauko wani ƙarami, bai fi faifan tankaɗe ba. "Wanga shina cika wayar salula, ya kunna ampul guda. Ya ishe ka ka ga kunama kahin ka taka ta, ko da yake ni kunamar nika tausayi."

"Shina juya hwanka?"

"Hwanka! Kai da anka haihwa gindin ƙaya, iska na shiga ta kunnen dama ta hita ta hagu?"

"Na tambaye ka, shina juya ta?"

"Ba ya iyawa. Sai babban can, da batiri mai nauyi. Shi kam da rana tsaka zai juya ta, ya kuma tara abin da zai kai ka sahiya."

"In hadari ya ruhe rana?"

"Kwana biyu batiri na riƙewa. Na ukku sai ka cire malhwarka ka yi hihita, kamar kakanninka." Kalla ya nuna batura biyu a ƙasa. "Wanga baƙin shekara ukku yaka yi. Wancan, in ya kai wata shidda ka gode Allah. Ba ni saida ma mutum shi, sai taubashi."

"Ba ni na wata shiddan," in ji Sambo. "Ya yi yawa ma."

Kalla ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya dubi fuskar taubashinsa da kyau. Idanun sun faɗa, gemun da kullum yake a gyare ya yi buzu-buzu. Sai ya tuna da Kadijatu, matar Sambo, wadda tun ranar aurensu yake kira matarsa, yana cewa aro ya ba Sambo.

"Sambo. Ina matata?"

"Tana waje, cikin keken, ƙarƙashin dogon yaro." Sambo yana magana yana murza bakin rigarsa. "Jiya likita ya sallame mu. Ya ce ƙirjin ya cika da ruwa, mu kai ta gida mu ba ta abin da taka so. Na ce to, Azarori. Ta ce a'a, gidanta inda shanu suke. Ɗanmu Abdulhakim ya wuce da su tun ruwan hwari. So take ta ji kukansu da sahe. In zahi ya taso, lumhwashi na ƙi mata. Can likita hwanka ta riƙe ta. Ni kau hannuna ya mutu da hihita, Kalla. In na yi gyangyaɗi, in hwarka in iske tana neman iska da baki."

Kalla ya tako a hankali, ya ɗora hannu bisa kafaɗarsa. "Ɗan'uwana, Allah shi…"

"Kada ka soma." Sambo ya ture hannun. "Kowa ya yi mani wagga murya tun jiya. In kai ma ka yi ta, nan za ni hwaɗi, ba ni tashi. Zage ni."

Kalla ya tsaya.

"Kai dai… kai dai wawa na," ya ce. "Wawan ƙarshe. Ka bar mace waje cikin zahi ka zo kana ciniki kamar mai sayen akuya."

"Madalla. Ƙara."

"Mai wuya kamar na zalɓe. Mai ƙahwa kamar karan dawa. Tashi ka kama mani nan, raggo!"

Babban pannon ya sauko da shi daga bango, ya jawo baƙin batirin, ya ciro fanka sabuwa daga kwali.

"Na ce maka na wata shidda," in ji Sambo.

"Kai ka san wata nawa? Da kai anka rubuta? Ɗauki!"

Sambo ya sa hannu cikin aljihu. Kalla ya daka masa tsawa.

"Hidda hannunka nan, kada in karya shi. Ba don kai nika yi ba, don matata na. Kai ko ashana ba ni ba ka."

Ya rufe shago ranar kasuwa, mutane suna kallo. Suka ɗauki kayan su biyu, tsofaffi, suna tafiya suna haki, kowa na cewa ɗayan ne bai ɗaga ɓangarensa ba. Keken yana inuwa, jakuna biyu suna kaɗa kunne. Kalla ya hau da kyar, ya ɗaure pannon bisa rumfar da waya, ya sa tsohuwar taya ƙarƙashin batirin don kada gargadar hanya ta fasa shi. Yana aiki yana faɗa: a goge fuskar pannon kowace safiya, a tsayar da keke inda rana za ta same shi, kada a bar maruƙa su lashi igiyoyin.

Sai da ya gama ya yarda ya leƙa ciki. Kadijatu tana kishingiɗe bisa matasai, ta rame har awarwaronta ya kai gwiwar hannu. Ya danna maɓalli. Fankar ta soma juyawa, bakin kallabinta ya motsa. Ta ja numfashi, ta sake ja, mai tsawo. Sannan ta buɗe ido.

"Wa ya kawo iska?"

"Ni na, Kalla."

Ta daɗe tana dubansa. "Dama kowa na cewa ɗan iska na kai," ta ce a hankali. "Yau na ga ranar haka."

Sambo ne ya fara fashewa, dariyar da ya kwana biyu bai yi ba. Kalla ya bi shi, yana riƙe da ƙafar keke, yana dariya ruwa na bin gemunsa.

"Kin ci, Kadijatu. Na sallama. Ba ni da ta cewa."

Ya raka su har bayan gari, inda hanyar Buza ta rabu da titi. Nan ya tsaya ya ɗaga hannu.

"To, sai kun komo da kaka."

Sambo ya sunkuyar da kai yana gyara linzamin jaki. Daga cikin rumfar muryar Kadijatu ta fito, siririya, iska na kaɗa ta.

"Ɗayanmu zai komo maka, Kalla. Ka yi haƙuri, mummunan na zai komo."

Kalla ya yi dariya da ƙarfi don ta ji. Bai daina ba sai da keken ya yi nisa, sannan ya zauna a bakin hanya ya rufe fuska da hularsa.