Mamuda Ya Kai Iyali Gonar Gado

Akwai wani ma'aikacin ofis a Kaduna, Mamuda, wanda ba ka zama da shi ka tashi bai sako maka zancen gonarsu ta gado ba. Gonar nan kuwa rabonsa da ita tun yana yawo da gajeren wando. Ƙanensa Ilu ne ke fama da ita a ƙauye, shi nasa noman duk a waya yake yin sa. Matarsa Saratu ta sha labarin har ya gundure ta. Rannan ana cin tuwo, a gaban yara, ta ce, "Baban Ummi, tun ina amarya nake jin gonar nan a bakinka, ko ƙwayar wake ban taɓa gani ba. Anya akwai ta kuwa?" Yara suka tuntsire da dariya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya yi rantsuwa cewa kakar bana sai ta gani da idonta.

Kaka na yi, wata Asabar ya loda su a mota, har da tabarma da buhuna. Suka tarar Ilu ya tafi cin kasuwa. Saratu ta ce a jira shi mana, Mamuda ya ce shi ba a yi wanda zai nuna masa gonar ubansa ba. Abin da ya iya tunawa dai, akwai wata kuka a bakin hanya. Ga kukar kuwa, amma gona biyu ne a gindinta. Ta hagu ciyawa ta cinye ta, masarar cikinta duk a tsamure. Ta dama kuwa tubarkalla, goyo bibbiyu, ga gyaɗa, ga kabewa kwance birjik. Mamuda bai ko yi shawara da zuciyarsa ba, ya nuna ta dama ya ce, "To, masu gardama, bismilla."

Nan fa wuri ya kaure. Yara suka bazu, wannan na tuge gyaɗa, wancan na shan takanɗa ruwan na bin gwiwar hannu. Aka hura wuta da kara aka jera masara. Saratu da kanta ta ce, "Kai, Baban Ummi, na yarda. Ashe kai babban mutum ne." Daɗi ya kashe Mamuda. Ya tuɓe babbar riga ya rataya a reshe, yana zagaye kunya-kunya hannu a baya, yana ba da umarni a cika buhu a kai mota.

Ana cikin haka sai ga wani tsoho a kan keke, da lauje a kafaɗa. Ya tsaya, ya dubi hayaƙi, ya dubi buhunan da ake ja zuwa mota, ya yi sallama.

Mamuda ya ce, "Baba, sauko mana! Gonarmu ba a wuce ta da yunwa. Ummi, ba Baba mai zafi."

Tsoho ya jingine keke, ya zauna a gefen tabarma, ya karɓa ya yi bismilla. Ya ci rabi ya ce, "Da kun karyo ta wajen surin can, ta fi wannan zaƙi."

Aka je aka karyo, sai ga shi gaskiya ne. Mamuda ya karkato wajen matarsa ya yi ƙasa da murya: "Kin gani ko? Ya san inda mai zaƙin take. Irinsu ne ke shigar mana gona in ba ma nan." Amma a fili sai ya ci gaba da fara'a, har yana ba tsohon shawarar yadda ake zuba taki. Tsoho na gyaɗa kai yana cewa, "Ikon Allah. Allah ya ƙara sani, Alhaji."

Da rana ta yi sanyi aka fara naɗe tabarma. Bayan motar ya cika har murfin ya ƙi rufuwa, sai da aka sa igiya. Tsoho ya miƙe ya karkaɗe riga, ya shiga cikin gona kansa tsaye, ya yanko wata ƙatuwar kabewa, wadda Saratu ta riga ta ce tata ce ta taushe, ya zo yana ɗaure ta a bayan keke.

Saratu ta dubi mijinta. Yara ma suka dube shi. Mamuda ya ga in ya yi shiru, girman da ya samu yau ya zube ke nan. Ya gyara murya ya ce, "Haba Baba, kai ne fa babba. Ci a gona al'ada ce, ba a hana kowa. Amma ɗauka a tafi da shi, ai sai an nemi izinin mai gona."

Tsoho ya ƙarasa ƙulla igiyarsa, ya ɗaga kai ya ce, "Wallahi haka al'adar take, ɗana. Shi ya sa tun ɗazu nake zaune ina jira ka tambaye ni."